Buɗe taga a koren fentin allon da'ira: yadda ake yi da inda ake cin tuntuɓe

Tambaya: Ina zana allon na'urar cajin batir daga sola a manhajar KiCad, zai ɗauki kusan amfiya 20 a bolt 12. Ina son layukan da ke ɗaukar babbar wuta su fito tsirara, babu koren fenti a kansu, domin in ƙara musu dalma kamar yadda nake gani a allunan inbata. Yaya ake yin wannan? Sannan wace lamba zan sa a wurin ƙarin faɗin tagar fenti, ganin akwai wata IC, wato ƙwayar da'irar lantarki, mai ƙananan ƙafafu a kan allon?

Amsa: Malam, abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne leyar fentin nan, wato shimfiɗar zanen da ke wakiltar fenti a manhajar, a juye take. A leyar jan ƙarfe, duk abin da ka zana shi zai fito jan ƙarfe. A leyar fenti kuwa, duk abin da ka zana shi ne wurin da fenti ba zai taɓa ba. Masana'anta tana shafe allon gaba ɗaya da fenti mai ruwa-ruwa, ta busar da shi sama-sama, ta haska shi da hasken UV ta yadda wuraren da ka zana ba za su sami hasken ba, sannan ta wanke. Inda haske ya taɓa ya daskare ya zauna, inda bai taɓa ba ya wanku, jan ƙarfe ya bayyana. Saboda haka ba goge wani abu za ka yi ba, zane za ka ƙara. Mu kira wannan zanen taga.

A KiCad leyar sama sunanta F.Mask, ta ƙasa B.Mask. A manhajar Altium Top Solder da Bottom Solder ne, a manhajar Eagle tStop da bStop, masu lamba 29 da 30. Ka zaɓi F.Mask a jerin leyoyin da ke hannun dama, ka ɗauki abin zana siffa mai kusurwoyi, ka zagaye wurin da kake so a kan layin, ka tabbata siffar cikakkiya ce, ba gefenta kaɗai aka ja ba. Idan gefe kaɗai ne, abin da zai zo maka shi ne siririn zobe na jan ƙarfe da fenti a tsakiyarsa. In layin miƙaƙƙe ne, ya isa ka ja layin zane a F.Mask ka ba shi kaurin da kake so. Masu EasyEDA sun fi samun sauƙi: su danna layin, su danna Expose Copper, manhajar ta kwafa musu siffarsa zuwa leyar fenti. Da ka gama a KiCad, danna Alt da 3 ka duba allon a hoto mai tudu, za ka ga wurin yana ƙyalli.

Akwai tarko ɗaya a nan. Tagar da ka zana da hannu ba ta san da zaman layin da ke ƙarƙashinta ba. In ka matsar da layin daga baya, ita tana nan inda ka bar ta, ta buɗe wani layin dabam ko filin giraun, wato shimfiɗar jan ƙarfen da wuta ke komawa ta cikinta, da ya malalo ya cike gurbin. Don haka zanen taga ya zama aikin ƙarshe bayan ka gama jan layuka, ko kuma ka haɗa ta da layin a rukuni guda su riƙa motsi tare.

Kada tagar ta kai faɗin layin. In layin milimita 5 ne, ka buɗe 3 ko 4 a tsakiya, ka bar aƙalla rabin milimita na fenti a kowane gefe. Wannan bakin shi ke tsare narkakkiyar dalma kada ta gangara. Haka nan kada tagar ta haɗe da mazaunin ƙafar wani ɓangare, wato ɗan filin jan ƙarfen da ake liƙa ƙafar kayan da'ira a kai, musamman masu zama a saman allo irin su MOSFET, tiransisto mai kunna wuta da kashe ta. Ka bar shingen fenti na rabin milimita zuwa ɗaya tsakaninsu, domin idan suka haɗe, da dalmar ƙafar ta narke sai ta malale cikin tagar, ƙafar ta zauna da ƙishirwa.

Yanzu ga maganar da ta fi zanen muhimmanci: buɗe tagar kaɗai ba ya ƙara wa layi ƙarfin ɗaukar wuta, kuma dalmar da za ka zuba ba ta taimakawa kamar yadda ido yake nunawa. Dalma ba ta kai jan ƙarfe iya ɗaukar lantarki ba, turjiyarta ta ninka tasa kusan sau 9. Bari mu buga lissafi da allon da aka saba yi, mai jan ƙarfe oza 1, wato kaurin maikiromita 35. Layi mai faɗin milimita 5 da tsawon santimita 10 yana da turjiyar kusan miliom 10. Amfiya 20 a kansa za ta zubar da kusan wat 4 ta zama zafi, kuma wannan zafi ne mai yawa ga ɗan siririn layi. Kafin ka rage turjiyar zuwa rabi, sai ka shimfiɗa dalma mai kaurin kusan milimita 0.3 daga gefe zuwa gefe, daga farko har ƙarshe, ba tare da wurin da ta sirance ba. Hannu ba ya ba da wannan daidaiton. Wani wuri tudu, wani wuri kwari, kuma kwarin shi zai riƙa ɗaukar zafi. Dalmar da masana'anta take shafawa da kanta, wadda ake kira HASL, kaurinta ba ya wuce 'yan gomomin maikiromita, don haka kada ka sa ta a lissafi sam.

Kwatanta da wayar jan ƙarfe mai girman milimita murabba'i 1.5, irin ta wayarin gida, ka feɗe robarta ka kwantar da ita cikin tagar ka liƙe ta da dalma. Naman layin namu milimita murabba'i 0.175 ne kacal, wayar ta ninka shi fiye da sau 8. Turjiyar ta sauko zuwa kusan miliom 1, zafin da ake zubarwa ya koma ƙasa da rabin wat. A nan aikin dalma riƙe wayar ne da haɗa ta da layin, wayar ce ke ɗaukar kayan. In har za ka buɗe taga saboda babbar wuta, ka buɗe ta da niyyar kwantar da waya ko siririn sandan jan ƙarfe. Kaurin irin wannan waya kusan milimita 1.4 ne, taga mai faɗin 3 ta ishe ta har da gurbin dalma a gefe da gefe.

Amma a ganina, kafin ka kai ga waya, ka nemi mafita a zanen kansa. Bisa lissafin ƙa'idar IPC-2221, wanda yake cikin kalkuletar KiCad, amfiya 20 a saman allo mai oza 1 tana son faɗin kusan milimita 12 idan ka yarda layin ya ɗara zafin wurin da digiri 20, ko kusan 19 idan digiri 10 kake so. Oza 2 tana raba wannan faɗin biyu. Haka ma idan ka shimfiɗa filin jan ƙarfe sama da ƙasa ka ɗinke su da ramukan tsallake masu yawa, wato ramukan da ke haɗa jan ƙarfen sama da na ƙasa. Kuma ka tuna wannan ƙarin zafin a kan na wurin ake ɗora shi. Na'urar da za ta zauna cikin akwati a ɗakin batir a watan Afrilu, lokacin da zafin waje kansa yake haura digiri 40, ba ta da sararin da za ta yi wasa da shi. Hanyar filin jan ƙarfe ta fi tsabta, kowane allo yana fitowa iri ɗaya, kuma ba ka dogara da hannun mai liƙi ba. Allunan inbatan da kake gani da layukan dalma, yawancinsu ta injin da ke wuce da allo a kan igiyar narkakkiyar dalma aka bi da su, dalmar ta kama tagogin a kyauta. Shi ya sa za ka ga tagogin sirara ne a jere, ba ƙatuwa guda ba: sirara sun fi ɗaukar dalma daidai, ƙatuwa kuma takan tara gudaji. Dogon layin dalma mai kauri a fuska ɗaya yana kuma iya lanƙwasa allo idan ya huce, don dalma ta fi allon tsukewa.

Duk jan ƙarfen da ka tsiraita ka cire masa kariya, dole tazara ta ƙaru. Jadawalin IPC-2221 ya bambanta layin da fenti ya rufe da wanda yake a buɗe. Daga bolt 31 zuwa 50, rufaffe milimita 0.13 ya ishe shi, buɗaɗɗe sai 0.6. Wannan ya shafe ka, domin farantin sola da ake ce wa na bolt 12 yakan ba da 21 zuwa 22 idan ba a ɗora masa komai ba, biyu a jere sun haura 40. Ga mai aiki da wutar gida ta bolt 230, wadda ƙololuwarta take kai 325, buɗaɗɗe yana son milimita 2.5, rufaffe 0.8. Waɗannan mafi ƙaranci ne, a wuri mai tsabta. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan allo, damina ta zo ta jiƙa ta, sai ga hanyar da wuta za ta riƙa silalewa tsakanin tagogi biyu tana cin ƙarfen. Batir kuma in aka haɗa masa baki biyu ɗaruruwan amfiya yake turowa nan take. Saboda haka tsakanin tagar layin fositib da ta nagetib ni zan ba ka shawarar milimita 2 ko fiye, kuma bayan liƙi ka wanke man liƙin ka fesa banishin kare allo.

Sai tambayarka ta biyu. Mazaunan ƙafafu ba sai ka zana musu taga ba, kowane mazauni yana zuwa da tasa. Abin da lambar ƙarin faɗi take yi shi ne faɗaɗa tagar ta ɗara mazaunin kaɗan ta kowane gefe. Dalili kuwa, hoton fenti ba ya sauka daidai-wa-daida a kan hoton jan ƙarfe, yakan goce kaɗan. In taga da mazauni girmansu ɗaya, gocewar sai ta sa fenti ya hau bakin mazaunin ya rage wurin da dalma za ta kama. Lambar da aka fi amfani da ita yau milimita 0.05 ce, wato mil 2. Mil a wannan sana'a kashi ɗaya cikin dubu na inci ne, milimita 0.0254, ba mil ɗin tafiya ba. Altium da Eagle suna zuwa da mil 4 tun asali, kusan milimita 0.1, kuma ya yi wa ƙananan ƙafafun zamani yawa. Sabbin fitowar KiCad sifili suke zuwa da shi, bisa cewa masana'antu da yawa suna gyara tagogin da kansu gwargwadon injinsu. Wurin canza shi yana cikin Board Setup, a shafin Solder Mask/Paste. Kafin ka taɓa shi, buɗe shafin da masana'antarka ta jera iyakar abin da take iya yi, ka nemi lambobi biyu: ƙarin faɗin da take so, da mafi sirancin shingen fenti da take iya tsayarwa.

Shingen shi ne ɗan fentin da ya rage tsakanin tagogi biyu maƙwabta, shi ke hana dalma yin gada daga ƙafa zuwa ƙafa. Lissafinsa ba wuya: ka ɗauki tazarar tsakiyar ƙafa zuwa tsakiyar ta kusa, ka cire faɗin mazauni, ka cire ƙarin faɗi sau biyu. IC mai tazarar milimita 0.5 da mazauni 0.3 ta bar rata 0.2. Da ƙarin 0.05, shinge ya zama 0.1, wanda shi ne iyakar da yawancin masana'antu suke karɓa a koren fenti. Da ƙarin 0.1, shinge ya zama sifili, babu shi ke nan. In tazarar 0.4 ce da mazauni 0.25, rata 0.15 ce, ko da ƙarin 0.05 abin da ya rage 0.05 ne, ba zai tsaya ba. Irin wannan siririn shinge ko dai masana'anta ta share shi ba tare da ta tambaye ka ba, ko ya fito ya ɓantare, guntunsa ya faɗa kan wani mazauni ya hana dalma kamawa. Na biyun ya fi muni. In lissafi ya nuna shinge ba zai kai ba, ka rage faɗin mazaunin in takardar bayanin IC ɗin ta yarda, ko ka rage ƙarin faɗi ga wannan IC kaɗai, ko ka haƙura ka buɗe taga guda ga jerin ƙafafun gaba ɗaya, ka dogara da daidaiton ƙullun dalma, wato dalma mai kama da ƙullu da ake shafa wa mazaunai kafin a gasa allon. A KiCad ana iya sa wa ɓangare ɗaya, ko ma mazauni ɗaya, lambarsa ta kansa a cikin bayanansa. Ta mazauni tana rinjayar ta ɓangare, ta ɓangare tana rinjayar ta allo. Idan ka buɗe taga guda a kan ƙafafu masu layi dabam-dabam, binciken DRC, wato binciken kurakuran zane da manhajar take yi, zai yi ƙorafi cewa taga ta haɗa layuka biyu. Ka ba da izini ga wannan ɓangaren kaɗai, kada ka kashe gargaɗin ga allo duka, don shi ne zai kama maka tagar da ta goce ta hau layin da ba nata ba.

Launi ma yana da tasiri. Baƙi da fari ba sa barin haske ya ratsa har ƙasa kamar kore, don haka shingensu sai ya fi faɗi, sau da yawa 0.13 zuwa 0.15. Jan ƙarfe mai oza 2 shi ma yana ƙara mafi ƙarancin shingen, saboda kwarin da ke tsakanin mazaunai ya fi zurfi. Wannan ya shafe ka kai tsaye: in ka zaɓi oza 2 saboda amfiya 20 ɗinka, ka koma ka sake duba ko IC ɗin za ta samu shinge, har da ko ratar jan ƙarfen tsakanin ƙafafunta ta kai abin da masana'anta take nema a wannan kaurin. In allon gwaji ne na farko, kore ya fi kwanciyar hankali.

Ka duba kuma layukan da suke ratsawa kusa da mazauni. Layin da ya wuce da ratar 0.15 daga mazauni mai ƙarin faɗi 0.1, fentin da ya rufe gefensa 0.05 ne kawai, gocewa kaɗan ta tsiraita shi, dalma ta haɗa su.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba: mazaunin da yake tsakiyar filin jan ƙarfe. Mazauni na yau da kullum jan ƙarfensa ne ke tsara girmansa, taga ta zagaye shi daga waje, ana ce masa NSMD. Amma idan filin giraun ya malale ya haɗe da shi ta ko'ina, babu sauran gefen jan ƙarfe, taga ce ta zama iyakarsa, sai ya fi ɗan'uwansa girma da adadin ƙarin faɗin ta kowane gefe, ga shi kuma filin yana shanye zafi. A ƙananan rizisto da kafasito masu girman 0402 ko 0603, dalmar gefe ɗaya takan riga narkewa ta ja, ɓangaren ya miƙe tsaye a kan ƙafa guda. Maganinsa ka haɗa irin wannan mazaunin da filin ta siraran hannuwa maimakon malala, ko ka sa masa ƙarin faɗi sifili. Mazaunan babbar wuta, irin na MOSFET da na bakin wayar batir, su kam a bar su a malale.

Ramukan tsallake, waɗanda ke kai layi daga sama zuwa ƙasa, a bar fenti ya rufe su sai in da dalili. Rami mai faɗin milimita 0.3 zuwa ƙasa yakan rufu, wanda ya fi haka fentin yakan rufta ciki ya bar bakin kaɗai a rufe, kuma wannan ba laifi ba ne. Buɗaɗɗen rami dab da mazauni yana zuƙe dalmar ƙafa zuwa ɗaya fuskar, a ƙarƙashin IC kuma yana iya haɗa shot ɗin da ido ba ya gani. Ramukan da ke cikin babban mazaunin sanyaya na ƙasan IC ko MOSFET, ka yi su ƙanana, 0.3, da tazarar milimita 1 zuwa 1.2, don dalmar da za su sha ta yi kaɗan. Wanda yake son su toshe sarai, akwai aikin cike rami da ƙaro a lulluɓe shi da jan ƙarfe, nau'i na 7 a ƙa'idar IPC-4761, amma da kuɗinsa. Ramukan da suka faɗo cikin tagar da ka zana da hannu kuwa a buɗe za su fito, dalma za ta bi ta cikinsu ta ɗigo ta baya, don haka ka tabbata babu abin da ɗigon zai taɓa.

Sauran wuraren da taga ke da amfani ba su da wahala. Wurin ɗora tsinken mita, ɗigon jan ƙarfe na milimita 1 zuwa 1.5 ya isa. Alamar da kyamarar injin jera kaya take nema, ɗigon milimita 1 ne a cikin taga mai faɗin 2 ko 3, babu komai a tsakani. Ramin noti da kake son ya haɗa giraun da akwatin ƙarfe, ka buɗe masa zobe daidai faɗin kan notin ko wosharsa. Wurin da ƙarfen sanyaya zai kwanta kuwa yana son hattara: bayan MOSFET yawanci a haɗe yake da ƙafarsa ta tsakiya, wuta na kansa, don haka sai an sa shimfiɗar da ke wuce da zafi ta hana lantarki. Kada ka ce ai fenti zai raba su. Kaurinsa 'yan gomomin maikiromita ne, ya fi siranta a bakin layi, noti ɗaya da aka ɗaure da ƙarfi ya isa ya huda shi.

Duk inda ka buɗe, abin da ka zaɓa a matsayin rufin ƙarshe shi zai hau kai. HASL ya fi dacewa da tagar da za ka ƙara wa dalma, ga araha, sai dai fuskarsa ba ta kwanta sumul ba, abin da ke wahalar da ƙafafu masu tazarar 0.5 zuwa ƙasa. ENIG, wato nikel da ɗan zinare a sama, sumul yake kuma yana jure ajiya, amma wasu masana'antu suna ƙara kuɗi idan filin da aka buɗe ya yi yawa. OSP ɗan siririn rufi ne da zafin liƙi yake cinyewa, duk tagar da dalma ba ta rufe ba za ta dushe ta yi tsatsa cikin lokaci kaɗan.

Kada ka haɗa leyar fenti da leyar ƙullun dalma, F.Paste. Ita ce ake yanka farantin sitensil da ita, wato farantin mai ramuka da ake shafa ƙullun ta cikinsa, kuma tagar da ka zana a F.Mask ba za ta sami ƙullu ba sai ka zana wani abu a F.Paste. Ga layin da za ka kwantar wa waya da hannu, haka ake so, ka bar shi babu ƙullu. In kana son injin ya zuba, kada ka yanka rami ɗaya dogo, ka yi ƙananan murabba'ai a jere da suka rufe kamar rabi zuwa kashi 70 cikin 100 na wurin. Rubutun farin fenti kuma ba ya zama a kan taga. Masana'anta za ta yanke duk harafin da ya hau, don haka alamar fositib da nagetib ta bakin batir ka matsar da ita gefe, kuma wajen fitar da fayiloli ka zaɓi Subtract soldermask from silkscreen don ka ga abin da zai rage tun kafin ka tura.

Hoto mai tudu yana taimakawa, amma masana'anta fayilolin Gerber take karantawa, su za ka duba. Na fentin sama yakan ƙare da GTS ko ya ɗauki sunan F_Mask, na ƙasa GBS ko B_Mask. Buɗe su a GerbView, manhajar duba waɗannan fayiloli da ke zuwa tare da KiCad, ka kunna jan ƙarfen sama da fentin sama kaɗai, ka bi tagoginka ɗaya bayan ɗaya: kowace tana kan layinta, akwai bakin fenti a gefe, ba ta taɓa mazauni ko wani layi ba. Ka matso kan IC ɗin ka auna shinge guda da abin awo, ka gwada da lambar masana'anta. Sannan ka kashe na sama ka kunna na ƙasa ka maimaita, domin kuskuren da ya fi yawa shi ne a zana taga a F.Mask alhali layin yana ƙasan allo. In ka tura aikin, ka sa ɗan bayani cewa manyan tagogin da ke kan layukan wuta da gangan aka yi su, kuma ka nemi a nuna maka fayilolin da suka gyara kafin su fara bugawa, ka ga ko sun share shingayen IC ɗin.